Ruwan da Bai Bi ta Tamfol Ba

Gadajen lilo biyu ne iri ɗaya, an ɗaura su a jere tsakanin bishiyoyi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi taku biyar ba. Tamfol ɗin da ya rufe kowannensu ma faɗi ɗaya ne, tsawo ɗaya. Ruwa ɗaya ya dake su cikin dare. Amma da gari ya waye, kayan mai gado na farko suna nan ƙamas, na mai gado na biyu kuwa sun yi sharkaf: rigunan canji, garin kunu, safa, har jakar kyamara, wadda ta fi komai tsada a tafiyar. Mai gado na farko ni ne. Na biyun ɗan yayata ne, ɗalibin jami'a mai karatun ilimin tsirrai, yaro mai tattalin kaya, kuma shi kaɗai ne a cikinmu ya taho da faffaɗar ledar shimfiɗa don kada kayansa su taɓa ƙasa.

A gandun dajin Gashaka-Gumti muke, farkon damina. Wannan gandu shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe tsofaffin gandun namun dajin Gashaka da na Gumti aka mai da su guda. A nan dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar. Mun shigo ta Serti, muka wuce ƙauyen Gashaka, muka kama hanyar ƙafa cikin kurmi. Ɓangaren kudu, inda muke, duk tuddai ne da kwazazzabai da ƙoramu, ruwan da ake yi a shekara kuma ya ninka na Kano. Samun fili shimfiɗaɗɗe da za a kafa tanti aiki ne. In an samu, saiwoyi ne a ƙarƙashinsa, ko laka. Bishiya kuwa ko'ina ka juya ga ta. Shi ya sa muka zaɓi gadon lilo mai haɗe da gidan sauro. Shi gadon lilo dabara ce da Turawa suka fara gani a 1492 wajen mutanen Taino na tsibiran Karebiyan, matuƙan jiragen ruwa suka ɗauke ta, yau kuma masu yawon daji a Amurka da Turai suka mai da ita ɗakin kwanansu.

Sai dai gadon lilo yana da wata matsala da tanti ba shi da ita. Tanti yana ɗaukar mutum da kayansa, a ja zif a kwanta. Gadon lilo mutum kaɗai yake ɗauka. Jaka da takalma da abinci sai an nema musu nasu wurin kwanan. Ɗan yayata ya warware wannan da leda: ya shimfiɗa ta daidai ƙarƙashin gadonsa, ya jera kayansa a kai tsaf, tamfol yana sama yana kare su duka. Duk wanda ya ga tsarin nan da yamma sai ya yaba.

"Kawu, tamfol ɗin nan ne yake yoyo," ya ce da safe, yana matse riga. "Ba wani abu ba ne."

Da shi muka fara. Muka kwance shi, muka ɗaga shi saitin rana muna neman huda, ko da ta allura ce. Babu. Muka sake ɗaura shi, aka ɗebo ruwa a ƙorama aka kwarara bisa ɗinkin tsakiya, inda tamfol ya fi saurin cin amana, ni kuma na tsuguna a ƙasa ina kallo. Ko ɗigo bai ratso ba. Can sai dattijon da ke mana jagora, mutumin yankin, wanda dukanmu Baba muke ce masa, ya miƙa hannu ya shafa gidan sauron yaron, ya shafa bargonsa.

"Samari, da ta sama ya sauko, ai kai zai fara jiƙawa kafin ya kai ga jaka. Kai ne a tsakani."

Gaskiya ne. Gadon yana rataye tsakanin tamfol da leda, kuma a bushe yake. Aka wanke tamfol daga zargi.

Abin zargi na biyu igiya. Duk mai kwana a gadon lilo ya san ruwa yana bin jikin bishiya, ya hau maɗauri, ya gangaro ta igiya har cikin gado. Maganinsa ɗan guntun zare ne da ake ƙulla wa igiyar a inda ta shigo ƙarƙashin tamfol, a bar bakinsa yana reto. Ruwan in ya iso nan sai ya bi zaren ya ɗiga ƙasa. Mun ƙulla wa gadajen biyu tun da yamma. Muka duba ƙasa saitin zarurrukan, ga ɗan ramin da ɗigon ya haƙa a kowane ɓangare, can wajen kai da wajen ƙafa, nesa da leda. Jakar kuwa a tsakiya take.

Na uku feshi, domin an yi iska kafin ruwan ya sauka sosai. Wannan jakar da kanta ta ƙaryata shi. Murfinta a bushe, kafaɗunta a bushe. Jiƙar daga gindi ta fara, ta hau kamar yatsa huɗu, ta tsaya a layi miƙaƙƙe da ya zagaye jakar. Feshi ta gefe da sama yake dukan abu, ya bar shi dabbare-dabbare. Wannan jaka zama ta yi cikin ruwa.

Sai hankalin kowa ya koma kan malala. Wurin yana da ɗan gangare, ruwan kuma ba ƙarami aka yi ba. Me zai hana ya kwararo daga tudu ya bi ta ƙarƙashin tamfol ya hau leda? Ma'aikacin gandun da ke tare da mu ya yarda da haka, ni ma na yarda. Yaron har ya fara cewa daga yau zai riƙa haƙa 'yar kwata ya zagaye makwancinsa. Baba bai ce uffan ba. Ya kama bakin ledar, ya tsiyaye sauran ruwan da ke kanta, ya ɗaga ta gaba ɗaya.

Ganyen da ke ƙarƙashinta a bushe yake ƙarau. Ya dumbuzo, ya murtsuke a tafin hannunsa, ya zama gari. Ƙasar ma ƙura ce. An samu wani fili mai kusurwa huɗu, daidai girman ledar, wanda ruwa bai taɓa ba, ganyen da ke kewaye da shi cikin inuwar tamfol kuma ɗan danshi kawai ya yi.

"To, Malam," ya ce da ni, "in ruwan ƙasa ne, ta ina ya bi bai jiƙa ganyen nan ba?"

Nan muka tsaya cik. Ruwa ya kwanta a bisa leda. Bai zo ta ƙasa ba, bai ratso tamfol ba, bai biyo igiya ba, ba iska ta kawo shi ba. Na ga ran yaron ya ɓaci, kuma na san dalili: kyamarar aro ce daga wajen wani abokinsa, sa'a ɗaya ya ci, jakarta ce ta sha ruwa ita ba ta sha ba. Ga tafiya a gaba, ga damina ta kankama. In ba a gane abin ba, daren gobe ma haka za a yi.

Baba ya fita daga ƙarƙashin tamfol ya shiga zagaya shi a sunkuye, hannu a baya. Ya je wajen nawa ya zagaya, ya dawo. Sannan ya yafito mu, ya nuna ƙasa da sandarsa. Ruwan da ke zubowa daga bakin tamfol yakan bar sawu: jerin ƙananan ramuka a layi ɗaya, daidai inda ɗigo ya yi ta dukan ƙasa dare guda. A nawa, layin ya tafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, dama da hagu, bai yanke ba. A na yaron, ɓangaren gangare haka yake. Amma ɓangaren tudu, layin ya taho, ya yanke wajen tsakiya, ya yi kamar kamu uku babu rami ko ɗaya, sannan ya ci gaba.

"Mayar da ledar inda take," in ji Baba.

Aka mayar da ita bisa busasshen sawunta. Bakinta ya zauna daidai inda layin ya yanke, ya ma zarce shi da yatsa uku.

Ruwan da bai dira a ƙasa ba a wannan wurin, a kan leda ya dira. Bakin tamfol indararo ne, ledar kuma ta zama bahon da ake tarawa a ƙarƙashinsa. Nauyin jaka ya danna tsakiyarta ya yi ɗan kwari, duk abin da ya sauka a bakinta sai ya gangaro ciki ya taru. Ledar ba ta gaza ba; aikinta shi ne hana ruwa wucewa, ta kuma hana shi. Da babu ita, ruwan nan ƙasa zai nutse, ya yi nasa wuri.

Mutane ba sa lura da yawan ruwan da tamfol yake tarawa. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ke nan. Tamfol mai mita 3 kowane gefe, in aka ɗaura shi da doro a tsakiya, a ce ya rufe murabba'in mita 6 na ƙasa. Ruwan milimita 20, wanda a kurmin nan ba abin labari ba ne, zai sauke masa lita 120, kowane gefe ya zubar da 60, wato jarka uku. Ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ya hau leda, ya isa ya jiƙa gindin jaka.

Da a nan maganar ta ƙare, amma yaron ya girgiza kai.

"Kawu, wallahi da yamma na duba. Ledar tana ciki, tsakaninta da bakin tamfol ya kai taƙi guda. Kai ma ka gani."

Na gani kuwa, don tare muka tsaya a wurin kafin magariba. To wa ya matsar da ita? Aka ce ko da ya sauko cikin dare ya ja ta da ƙafa, leda ai santsi gare ta. Amma busasshen sawun ya hana wannan magana tsayawa: gefensa a miƙe yake, babu alamar ja ko karkata, kuma tun kafin ruwa ya sauka take zaune a nan, in ba haka ba da ganyen ya jiƙe. In leda ba ta motsa ba, saura abu ɗaya da zai iya motsawa. Na tsuguna wajen turakun da ke riƙe da igiyoyin tamfol a ɓangaren tudu. Kusa da kowane turke, kamar taku ɗaya zuwa waje, akwai wani rami siriri da laka ta fara cikewa. Ramuka biyu-biyu, na da da na yanzu.

Yana ganinsu ya dafe kai ya tuna. Wajen tsakar dare iska ta taso, tamfol ya saki yana faɗa-faɗa, feshi ya fara taɓa gidan sauronsa. Ya sauko da tocila, ya zare turakun ɓangaren da iskar ke fitowa, ya matso da su kusa, ya ja bakin tamfol ƙasa sosai don ya tare. Abin da ya yi shi ne daidai, kuma shi ya sa ya kwana a bushe. Yadin nailan haka halinsa yake, in ya sha danshi sai ya miƙe ya saki, dole a tashi a sake ɗaure shi. Na foliyesta bai cika yin haka ba. Sai dai duk lokacin da aka tsayar da gefen tamfol ya ƙara miƙewa ƙasa, inuwarsa raguwa take yi. Rufin ya tsuke, leda tana nan yadda take, bakinta ya fito waje cikin duhu ba wanda ya gani.

Muka ninke ledar biyu, aka tura rarar ƙarƙashinta. Ba a naɗe baki sama, don wannan ma tarar ruwa yake yi. Aka yi ƙa'ida: tsakanin leda da layin ɗigo a bar taƙi biyu, kuma duk wanda ya taɓa turke cikin dare ya haska ƙasa kafin ya koma gado.

Zangon da muka yi bayan wannan a bakin wata ƙorama ne, cikin kwari. Sama ta yi garau, taurari ko'ina, ko ɗigo ba a yi ba. Yaron bai yarda da ninki kaɗai ba. Ya ɗora jakar a tsakiyar ledar, ya tattaro bakunanta sama ya ɗaure tam da igiya. Da asuba ya kwance, ya yi shiru, sannan ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu, zo ka gani. Yau kuma ba a yi ruwa ba."

Jakar ta yi laushi da danshi daga sama har ƙasa, cikin ledar kuma duk ƙananan ɗigo ne reras. Raɓa muka fara zargi, don ciyawar da ke waje ta jiƙe jagab. Amma raɓa a kan abin da ke fuskantar sararin sama ta fi sauka, abin da ke ƙarƙashin rufi ba ya samunta sosai; takalmana da suka kwana a inuwar tamfol a bushe suke, bayan ledar ma kusan a bushe. Ɗigon a ciki yake, a wurin da aka ɗaure. Wannan bai ɗauke mu lokaci ba. Na tambaye shi rigunan da suka jiƙe, ya ce ya shanya su da rana, sun sha iska amma ba su bushe sarai ba, sai ya cusa su cikin jaka. Jakar ta yini a bayansa cikin zafi, ta shiga leda da ɗuminta da danshinta. Cikin dare iska mai sanyi takan gangaro daga tuddai ta kwanta a kwari, bakin ruwa ya fi ko'ina sanyi. Leda ta yi sanyi, tururin da ke ciki ya taɓa ta ya koma ruwa, ba shi da hanyar fita, ya dawo kan jaka. Ruwan nasa ne, shi ya shigo da shi. Tun daga nan jiƙaƙƙen kaya ya koma kwana a kan igiya, a sarari ƙarƙashin tamfol.

Abu na uku shi ne ya fi ba ni takaici, don hasararsa ba ta shanyuwa a rana.

Yaron yana da izinin ɗibar ganyaye don karatunsa, yana matse su a cikin matsi irin na masu nazarin tsirrai: katako biyu, tsakaninsu kwalaye da tsofaffin jaridu, ganye a shimfiɗe tsakanin takarda da takarda. Matsin yana son nauyi. Don haka da dare yakan kwantar da shi a kan leda, ya ɗora littafin da yake rubuta bayanai, ya danne su da jaka. A wani zango mai tarin busasshen ganye, cikin kurmi mai duhu, komai ya kwana a bushe. Da ya ɗaga jakar da safe, gefen littafin ya zaizaye, shafukan ƙarshe sun zama raga, kwalin ƙasa na matsin ya huje wuri-wuri, ledar ma ta yi ramuka kamar guda goma.

Ɓera, in ji ma'aikacin gandun. Wani cikin masu dakon da ke tare da mu ya ce ko beguwa ce. Muka bi sawu. Babu kashin ɓera, babu sawun ƙafa, babu ƙayar beguwa. Ɓera in ya ci takarda yakan yayyage ta ya bar tarkace, haƙoransa biyu na gaba kuma su bar shaida a katako. A nan babu tarkace ko kaɗan, takardar ɓacewa ta yi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne aljihun gefen jakar, wanda bai kai taƙi ɗaya daga littafin ba. Kilishi ne a ciki da ƙuli-ƙuli, a ƙulle cikin leda, ba a taɓa su ba. Wane ɓarawon daji ne zai tsallake kilishi ya ci jarida?

Baba ya karɓi matsin ya kifa shi. A jikin katakon ƙasa akwai wasu jijiyoyi na jar ƙasa, sirara, sun bi gefe sun shige tsakanin kwalaye, har yanzu da ɗanyantakarsu. Ya sa farce ya ɓare ɗaya. Sai ga su farare, masu laushin jiki, suna rububin komawa duhu.

"Gara ce, samari."

"Baba, ai babu suri a nan. Na duba kafin mu sauka."

"Ba kowace gara ke gina suri ba. Wata gidanta a ƙarƙashin ƙafarka yake."

Haka abin yake. Gara da yawa a cikin ƙasa take zaune, ta haƙa hanyoyi masu nisa tana neman abinci, kuma abincinta shi ne abin da ya fito daga tsiro: itace, busasshen ganye, kwali, takarda, auduga. Nama bai dame ta ba, nailan ɗin jaka ma ba cimarta ba ne. Jikinta ba ya jure bushewa, shi ya sa take gina rufin laka duk inda za ta bi. Muka ɗaga ledar, ƙarƙashinta ya yi gumi, ganyen duk an yi masa ɓawon laka. Danshin da ke tashi daga ƙasa cikin dare ledar ta tare shi, ta samar da duhu da laima, abin da gara take nema ke nan kafin ta fito. Kututture da ƙaya sun riga sun yi wa ledar 'yan huji a zangunan baya, nauyin jaka ya manne ta da ƙasa, kwali yana bisa hujin. Sauran aikin faɗaɗawa ne, kuma siririyar leda ba ta gagarar bakin gara. Ganyayen da aka matse sun tsira, sai na ƙasa guda biyu. Bayanan da ke shafukan ƙarshe kuwa sai da ya zauna ya sake rubuta abin da ya iya tunawa.

Ruwan tamfol daban, gumin leda daban, gara daban, amma duka ukun a wuri ɗaya suka sami kayan nan, wato a ƙasa. Nawa ba su same su ba domin tun daren farko a rataye suke. Ba na ganin yaron ya yi wauta. Dalilansa masu ƙarfi ne: jakarsa ta fi tawa nauyi nesa, yana tsoron ɗora wa igiyar tamfol ita, yana son kyamara kusa da hannunsa, matsin kuma yana bukatar danni. A busasshiyar ƙasa lokacin rani tsarinsa zai yi aiki lafiya lau. Masu yawon daji a Amurka da yawa haka suke yi, sukan yanki ƙyallen Tyvek na kamfanin DuPont, wanda ake naɗe gidajen katako da shi, su shimfiɗa ƙarƙashin gado; yana tare ruwa amma yana barin tururi ya fita, ga shi ba nauyi. Sai dai ƙasar kurmin damina ba a ba ta ajiya. Har birai masu kama da mutane da ke dajin nan, waɗanda Farfesa Volker Sommer na jami'ar UCL ta Landan da abokan aikinsa suka fara nazari a sansanin Kwano tun shekarar 2000, kusan kullum sama suke hawa su lanƙwasa rassa su yi sheƙar kwana.

Rataya ma tana da nata sharuɗɗan, kuma mun zauna mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Jaka mai nauyi ba a ɗora ta a igiyar tamfol. A maɗaurin gadon ake maƙala ta da ƙugiya, wajen ƙafa, a inda tamfol ya rufe, bayan zaren ɗigo ba gabansa ba. Maɗaurin da ya ɗauki mutum ba zai ji nauyin jaka ba, muddin an ɗaura gadon da sassauci, igiyar ta sauko da karkatar kusan digiri 30, ba a ja ta ta miƙe ƙiƙam ba. In jakar ta yi girma, sai a zagaya wa wata bishiya igiya, a ƙulla guntun sanda a bakinta, a zura sandar a hannun jakar, a lulluɓe ta daga sama a bar ƙasa a buɗe don iska. A nan akwai tarko, don ruwa yana bin jikin bishiya. Baba yakan sa ɗan reshe tsakanin jaka da kututture don kada su haɗa jiki. Tocila da waya da tabarau suna kwana a 'yar jaka a igiyar da ke saman fuska, cikin gidan sauro. Kyamara ta koma wani ƙaramin lilo da muka yi da zani, muka ɗaura shi a ƙarƙashin gadon yaron, da tazarar da bayansa ba zai taɓa ta ba in ya kwanta. Yana miƙa hannu zai same ta. Matsin ganye aka ɗaure shi tamau da maɗauri biyu, bai ƙara bukatar danni ba, aka rataye shi inda iska ke bi, ganyen ma ya fi saurin bushewa. Takalma aka kafa musu sanduna biyu aka kife su a kai, kuma duk da haka ba a zura ƙafa da safe sai an kakkaɓe, saboda kunama.

Ledar ba mu yar da ita ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya tafi babu ita ba. Yaron ya yanki abin da bai fi mita 1 ba a tsawo, faɗinsa kamar rabin haka da ɗoriya, daga ɓangaren da gara ba ta taɓa ba. A kanta ake sauke ƙafa in an sauko cikin dare, a kanta ake tsayawa a canza kaya, a kanta ake zazzage jaka a shirya ta da safe. In ƙasa ta yi caɓi, sai a ɗaga gefe ɗaya na tamfol da sanduna biyu ya zama rumfa, a shimfiɗa ledar a ɗora darduma a yi salla. Da an gama a kakkaɓe ta. Ba abin da ke kwana a kanta sai silifa. Ragowar ta zama lulluɓin jakar da ke jikin bishiya.

Abinci ne kaɗai Baba bai yarda ya kwana kusa da mu ba, ko a rataye. Yakan sa a ɗaure shi cikin buhu, a ja igiya tsakanin bishiyoyi biyu can gefe, buhun ya tsaya a tsakiya, nesa da kututture, nesa da ƙasa. Da rana gwaggon biri ne abin tsoro, ba a barin buhu ba mai tsaro. Da dare kuwa kwarkwasa ce, wadda a damina take fitowa runduna guda, ta bi ƙasa ta hau bishiya, kuma igiya hanya ce a wurinta. Kowace yamma, in an gama girki wuta ta mutu, yakan kwashi toka a murfin tukunya ya zagaye gindin duk bishiyar da aka ɗaura wa gado ko jaka ko buhu, zobe mai kauri ba yankewa. Daga baya ya miƙa wa yaron murfin ya ce aikin ya zama nasa. Yaron ya zagaye bishiyoyinsa biyu, ya zagaye nawa, ya tambaya ko shi ke nan har safe.

"In ba a yi ruwa ba," Baba ya ce. "In an yi, ka tashi ka sake zubawa. Ka rage toka a tukunya, ka rufe ta."